Turancin Kakakin Kamfani

Tun da gari ya waye Kakaki yake gaban madubi yana maimaita wasu jimloli na Turanci. Kakaki sunan aiki ne, shi ke magana da yawun wani kamfanin fenti. Da hantsi zai tsaya gaban 'yan jarida ya bayyana yadda motar ma'aikata ta faɗa rami a makon jiya, direban ya rasu, wasu suka karairaye.

Manaja ne ya tsara masa komai. Ya fara da koya masa wata gajeriyar magana ta Turawa, ma'anarta saita wa mutane ido su ga abu yadda kake so.

"Ba ƙarya ba ce, kwalliya ce," in ji Manaja. "Sa ta a jimla in ji."

Kakaki ya sa, ya sake sawa, har bakinsa ya saba. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Daga bakinka za a fi yarda."

Kwalliyar kuwa ita ce: direba ya gaji, barci ya sace shi a kan hanya. Ko kalma ɗaya ba za a ce game da birki ba.

Alhali birkin ne, kuma Kakaki ya fi kowa sani. Direban ya yi ƙorafi har ya gaji. Ranar ƙarshe a bakin ƙofar ofis ya tare shi, ya roƙe shi ya sa baki wajen Manaja. Kakaki yana sauri, ya ce masa ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata, mota ai ba ta kashe mai haƙuri.

To, amma in ya faɗi gaskiya, aiki ya tafi, gidan kamfani ya tafi, maganin mahaifiyarsa ma haka. Baki shi ke yanka wuya. Ya gyara tsayuwa ya koma farko. Da Turanci abin ya fi sauƙin faɗa, sai ka ce wani ne ke magana.

Mahaifiyarsa ta shigo a hankali, bayan ta raɓa kujerun aro da aka jibge a tsakar gida. Ta rame, idanunta sun yi ja. Ba ta jin Turanci ko na sayen ruwa, amma tun yana ɗan makaranta take son ta ji yana yi.

"Sake faɗi," ta ce.

Ya sake. Ita kuwa ta yi murmushi, karo na farko cikin kwanakin nan, kunya ta kama shi har ya kasa kallonta.

"Me kake ce musu?"

"Bayani ne kawai, Inna."

Ta matso ta gyara masa wuyan riga, ta sa masa albarka, ta daɗe tana sawa. Direban Manaja ya danna hon a waje. Kakaki ya ɗauki jakarsa, ya kai bakin ƙofa, sai ta riƙo hannunsa.

"Gara da kai suka ba bayanin nan," ta ce. "Ka faɗa musu da Turancin nan naka, yadda za su ji da kyau: ƙaninka bai taɓa wasa da sitiyari ba."