Ragowar Malam Barau

Tun da aka kafa dokar gwajin makusanta, duk gidan da kuturta ta ɓulla sai an goga wa kowa auduga a hanci. Wanda aka ga ƙwayar a jikinsa, ko ba shi da tabo, sai ya bi majinyacin gidan magani, wata shida.

Hansatu ta je karɓar sakamako da ƙullin kayanta a ka, don ta tabbata za ta bi mijinta, Malam Barau, da cutar ta kama.

"Iya, ki gode wa Allah, ba ki da komai," in ji malamar asibiti.

"'Yar nan, sake dubawa. Shekara talatin da huɗu muna tare."

"Na duba. Mutum ɗaya aka samu, Tanimu mai faci."

Tanimu ne abokin cin tuwon Malam a zaure, gwiwa da gwiwa. Ita dafawa take ta aika. Rabonta shi ne ragowar da Malam kan bar mata a gefen kwano, da sawun yatsunsa.

Ta koma gida ta tuƙa tuwo, ta kai ƙofar gidan magani.

"A ce masa ya rage min," ta ce wa mai gadi.

"Iya, kwano ba ya fitowa sai ya bi ta tururi."

Da la'asar aka miƙo mata shi ta taga, fes, ko ƙamshin daddawa babu, amma da ɗuminsa. Ta rungume shi a ƙirji, tana sauri ta isa gida kafin ya huce.