Bindigar da Ta Daɗe a Rataye

Malam Tanimu, ka ce ranka ya ɓaci don ma'aikatan gandun daji sun ce ɗanka ya dakata da farauta sai an buɗe lokaci, kuma ko an buɗe sai ya bi bayan babba. Gyara zama, ƙanena, in ba ka misali. Wannan doka ta girmi gwamnati, takarda kawai gwamnati ta sa mata.

A wani gari na maharba, al'adarsu ita ce idan maharbi ya rasu, sai a ɗauki bindigarsa a rataye a zauren Sarkin Dawa. Ɗansa ba zai karɓe ta ba sai ranar buɗe daji, ya fita da kwari da baka da kare, ya kawo nama da hannunsa kowa ya gani. Ranar buɗe daji kuwa ba ta zuwa sai an yanke dawa an kai rumbu. Daga faɗuwar ruwan farko har zuwa ranar, daji a rufe yake, domin lokacin ne namun dawa ke ɗauke da ciki, wasu kuma suna shayarwa. To, akwai wani saurayi da mahaifinsa ya rasu ya bar masa kare da wani kwazazzabo mai ruwa inda barewa ke taruwa, wurin da kowa ya sani na gidansu ne. Kullum ya wuce ƙofar zauren sai ya leƙa ya ga bindigar uban, ransa ya sosu. Yana son ta sosai, yana kuma tsoron jin kunya a gaban jama'a. Sai ya ce wa kansa ai gara ya fara gwada hannunsa tun da damina, kafin ranar ya riga sa'o'insa ƙwarewa. Da ganyen gero ya rufe hanya, sai ya riƙa zamewa kamar mai zuwa gona, ya ɓulla ta kwazazzabon. Abin kuwa ya zo masa da sauƙi har ya ba shi mamaki. Barewa mai ciki ta yi nauyi, taku kaɗan take yi ta tsaya tana haki. Mai shayarwa kuwa ko ta gudu sai ta kewayo wurin da ta ɓoye ɗanta, shi kuma yana laɓe yana jiranta. Duk kibiyar da ya saki sai ta samu. Karen ma ya yi ƙiba, ya saba da kama abin da ba ya gudu. Ba wanda ya kama shi, ba wanda ya tambaye shi, saurayi ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa, yana yi wa sa'o'insa dariya a zuci. Su kuwa duk daminar suna bin bayan tsofaffi hannu wofi, ana nuna musu sawu da kashi da inda iska ke kaɗawa, suna harbin goran duma da aka gangaro musu daga tudu.

Aka yanke dawa, aka buga gangar farauta, gari ya fita. Saurayi ya miƙe kai tsaye zuwa kwazazzabon gidansu, ya tarar da ruwa kwance, tsit, ko motsi babu. Sai da rana ta take sannan wata barewa ta tashi daga cikin ciyawa. Wannan kuwa barewar lokacin kaka ce, ta ƙoshi, jikinta a sake, kafin ya ja baka ta yi nisa. Hannunsa ya saba da abin da ke tsayawa, kibiyar ta faɗi inda barewar ta baro tuni. Karen ya bi ta ɗan kaɗan, ya dawo ya kwanta a inuwa yana zaro harshe. Da la'asar sa'o'insa suka dawo, wannan da gada a kafaɗa, wancan da zomaye, shi kuwa sai ƙaya a ƙafa. Ya durƙusa gaban Sarkin Dawa ya ce rashin sa'a ce, a yi masa haƙuri zuwa baɗi. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya sa shi gaba har bakin ruwan. Ya sunkuya ya daɗe yana duba laka. A irin wannan lokaci, kusa da sawun kowace uwa akan ga ƙananan kofatai suna biye da ita. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga ko ɗaya ba. Sai ya miƙe ya ce, "Ɗana, naman bana da na baɗi duk ka cinye su da damina. Bindigar mahaifinka tana nan, ba wanda zai taɓa ta. Ranar da na ga ƙananan sawu a wannan laka, ka zo ka karɓa."

Barewa kuwa idan ta tsorata da wuri ba ta saurin komowa. Sa'o'insa suka karɓi bindigogin iyayensu, suka yi suna. Shi ya yi aure, ya haihu, ɗansa na fari har ya fara bin sa gona, bindigar tana nan rataye, gizo-gizo ya yi mata saƙa a baki. Wanda ya so ya riga kowa, shi ne ya karɓa daga ƙarshe, da furfura a gemunsa.

Don haka ka je ka rarrashi ɗanka, ya bi bayan manya ya koyi sawu, daji ba ya guduwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.