Shaidar Tanimu

Saura kwana ɗaya a buɗe wasan Daular Tsauni, duk Funtuwa ba a zancen komai sai shi. Mutum zai sa hular ƙarfe ya faɗa wata duniya mai dodanni da mayaƙa. Amma ba kai ke zaɓar matsayinka ba. Masu wasan ne ke kiran wanda ya fi saninka ya ba da shaida, abin da ya faɗa kuwa shi za ka zama a idon kowa, ba sauyi.

Barau mahauci ya shekara yana cika baki cewa sarkin yaƙi zai zama. Da hantsi saƙo ya shigo wayarsa: an zaɓi Tanimu ya ba da shaida a kansa.

Tanimun da Barau ya gudu ya bari cikin gobarar kasuwa shekara tara da suka wuce. Su biyu kaɗai suka san wannan.

Barau ya same shi a shagon ɗinki, yana tura yadi da hannu mai tabon wuta.

"Sannu da aiki, abokina."

"Yau kuma ni ne abokinka? Zauna, sarkin yaƙi."

Barau bai zauna ba. "Me za ka gaya musu?"

"Ai sun riga sun kira. Na ce jarumi ne kai."

Barau ya sauke ajiyar zuciya.

"Sai muryar ta ce, mun gode, yanzu ba mu labarin ranar gobara."

"Ka ba su?"

Tanimu ya tsayar da keken, ya ciji zare.

"Ban iya ƙarya sau biyu ba, Barau."