Ranar da Na Zama Doki

Masu yabon wasannin kwaikwayon ƙanena ba su san a bayana ya fara ba. Bayan nan nawa nake nufi, mai ciwon nan.

Shekarar da aka ce gidanmu ya ba da ɗa guda makarantar Nasara, Baba ya kasa zaɓe tsakaninmu. Wata la'asar ya dawo daga ziyarar kaburburan malamai a Hubbare ya tarar da mu a zaure. Ƙanena ya kifa ƙwarya a ka yana magana ta hanci, ni kuwa ina rarrafe, ni ne dokinsa.

"Wa ab Bature cikinku?"

"Ni na, Baba," in ji ƙanena.

Bai yi dariya ba. "To, tunda ka iya maganassu, kai ka tahiya."

Ya ɗauko allon ƙanena, ya wanke rubutun da hannunsa, ya ba shi ya sha. Har yau ina jin ƙanshin tawadar nan. Ya rataye allon, ya shige ɗaki, muka ji yana fyace hanci.

Ni ban sauke ba, ban yi boko ba. Amma dokin da aka bari a gida shi ya ɗauki makarar Baba. Mahayin bai iso ba sai bayan sadakar bakwai.