Hannun Ƙarfe a Ƙofar Ran

Ana jajibirin mulkin kai, a wani kanti da ke unguwar Ƙofar Ran, hannun ƙarfen akwatin gilashi, wanda ake jefa wa kobo ya cafko alewa, ya daina riƙo. Ya kamo, ta sulluɓe. Mutane suka fara kiran mai kantin macuci.

Shi kuwa maƙwabcinsa yake harara. Wa zai yi wa akwatinsa asiri in ba mai baƙin cikin cinikinsa ba?

Ya buɗe bayan akwatin, ya shafa yatsun ƙarfen. Santsi! Ya kai hanci, sai ƙanshin da ya sani tun yana goye: man kaɗe.

Ya waiwaya. Tsohuwarsa na bakin zaure tana murza gwiwa.

"Inna?"

"Ƙas-ƙas yake yi kamar gwiwata, ɗan nan. Sai in bar shi da ciwo?"