Jif Uku a Wayar Hephzibah

Shekara ashirin ina suyar doya a bakin garejin nan na Trikania, ban taɓa ganin makaniki mai wanke hannu sau biyu ba sai Nelson, duk ranar da Hephzibah za ta zo. Kowa ya san ita yake so, amma bakinsa ya fi noti mai tsatsa wuyar kwancewa.

Ranar ko zama ba ta yi ba, ta miƙa masa waya. Hotunan ƙananan motoci jif uku ne na 'yan gayu, wai ya zaɓa mata ɗaya. Ya ɗauka motar ofishinsu ce za a saya, sai ya ce:

"Ta Jamus akwai laushi, amma kayan gyaranta sai Legas. Sabuwar nan ta fi su kyau, sai dai cikinta ya yi ƙasa. Ɗauki ta Japan, kin san hanyarmu ta Kamazou da damina."

Ta sunkuyar da kai. "Ba Kamazou za ta bi ba, Nelson, Abuja ce. Mai sayen ya kai gaisuwa gidanmu ran Asabar."

Na ce, "Ke 'yar nan, makanikan Kaduna sun ƙare ne?"

Ba ta kula ni ba. Bakinsa take kallo, ko zai ce kada ta tafi.

Ya daɗe yana duban wayar. "To, ɗauki sabuwar. Can babu ramuka."

Ta karɓi wayarta ta fita. Shi kuwa ya shige ƙarƙashin motar da ya gama gyarawa tun safe. Ƙafafunsa kawai nake gani, ko ƙarar sifana babu.