Sujadar Kabewa

Tun da aka raba dardumar da ke ƙirga sujada, kowace Juma'a sai rediyo ya ce imani ya ragu.

Ranar Laraba da hantsi, Malam Isiyaku na hukumar ƙidayar sujada ya yi sallama a gidanmu.

Ya ce da ni, "Bawa, kai kam madalla, ko raka'a ɗaya ba ta kuɓuce maka ba. Amma ke Inna, wata huɗu dardumarki ba ta ga goshinki ba."

Mahaifiyata ta dubi tsohon buzun da take sallah a kai, wanda gashinsa ya suɗe a wurin goshi da gwiwoyi.

Ta ce, "Wanda nake yi dominsa ba sai darduma ta gaya masa ba."

"Ni dai shaida aka aiko ni nema." Ya rubuta ta cikin waɗanda suka bar sallah.

Da ya fita, Inna ba ta ko ɗago kai ba.

"Bawa, kabewar nan da kake dangwarawa a kan dardumarka ta fara ruɓewa. In sayo maka wata, ko za ka gwada goshinka?"